Kamu Huɗu da Ɗani

Shekarar da na gama jami'a a Guangzhou, ina yi wa 'yan kasuwar Kano tafinta a kasuwar Shisanhang, kocin ƙwallon kwando na makarantarmu ya ce saura masa gurbi ɗaya, dogo yake nema. Na ce ina da ƙane a gida, wataƙila ya dace, ko da yake rabona da shi shekara biyar. Ya ce in kawo tsawonsa a rubuce.

Na aika wasiƙa. Bayan wata guda Baba, mai sayar da yadi, ya amsa: "Na jingina shi da bango na auna, kamu huɗu ne da ɗani."

Na gwada da hannuna, amma na Baba ya fi nawa tsawo. Na ji tsoron rubuta abin da ban tabbatar ba, sai na sake aikawa a auna shi da tef ɗin tela. Kafin amsa ta iso, koci ya cike gurbin.

Ashe mita biyu ne cif. Na sa alama a bangon ɗakina, kullum da safe nakan ɗaga kai in dubi inda kansa zai kai.