Yanyawar da ta fito da rana tsaka

Gidanmu ne na ƙarshe a ƙauyen, ta gefen hanyar Guci. Daga bayan rumbunanmu sai wani tudun rairayi mai sabara da kalgo, kuma a cikinsa yanyawa suka haƙa ramukansu tun kafin a kawo ni gidan. Ba ma ganinsu. Da safe dai in na fita zubar da toka sai in tarar da sawunsu, ƙanana kamar na kyanwa, sun zagaye rumbu. Surukata, wadda kowa ke kira Inna, ba ta yarda a jefe su. Ta ce tun da suka zo ɓera bai ƙara yi mata ɓarna a gero ba.

A bazarar da maigidana ya tafi ci-rani Kano, mu uku ne a gidan: ni, da Inna, da ɗiyata wadda ko rarrafe ba ta fara ba. Wata rana bayan azahar na kwantar da ita a tabarma ƙarƙashin rumfa, na shiga ɗaki ɗauko zane. Ina fitowa sai na ga wata dabba tsaye tsakanin tabarmar da randa.

Da farko ban gane ta ba. Gashinta ya zube, fatar ta yi baƙi ta tsattsage kamar ƙasan tafki da rani, wutsiyar ta koma kamar igiya. Sai manyan kunnuwan nan ne suka nuna mini yanyawa ce. Tsakaninta da ƙafar yarinyar bai kai taku ɗaya ba. Na so in yi ihu, na ji tsoron kada ta firgita ta kai cizo.

"Inna," na ce.

"Na gan ta," in ji Inna daga bakin ɗakinta. "Kada ki motsa."

Dabbar ta sunkuya ta lashi ruwan da ya taru a gindin randa. Ta tsaya ta sosa wuyanta da ƙafa har jini ya fito, ta sake sha, sannan ta bi ta ramin danga ta fita tana ɗingishi. Na suri yarinyar na tuɓe ta, ina juya ta ina neman shaidar haƙori. Ban ga komai ba, amma ban san minti nawa dabbar ta yi a wurin kafin in fito ba.

Kafin la'asar labari ya gama gari. Maƙwabcinmu, ƙanen marigayi mijin Inna, dattijo mai kiwon awaki da muke kira Baba, ya yi sallama da fartanya a kafaɗa.

"Yaya, naman dajin da ya shigo gida da rana tsaka ba lafiya ba. Haukan kare ne. Gobe zan sa guba a bakin ramukan."

"Malam," in ji Inna, "mahaukacin kare ba ya shan ruwa. Wannan a gabana ta sha. In ka zuba guba, kajin wa za su fara ci?"

"In ta ciji jikarki fa?"

Ni kuwa a zuciyata ina bayan Baba. Ƙarshe dai ya ce ya ba mu zuwa ranar kasuwa, daga nan ba zai sake tambayar kowa ba.

Washegari yanyawar ta dawo daidai lokacin jiya, na ɗauke ta hoto da waya ta tagar ɗaki. A rana ta uku kuma ƙuraje jajaye suka feso wa yarinyar a ƙafa da ciki, tana ta kuka tana murza jiki. Ko mayafi ban daidaita ba na tare kabu-kabu zuwa asibitin Dungas. Duk ramin da babur ya faɗa sai in taɓa goshinta in ji ko zazzaɓi ya zo.

Majo, babban ma'aikacin asibitin, ya duba ta tun daga tsakanin yatsu har bayan kunne. Ya ce babu cizo, babu yagi, ƙazwa ce ta ɗauka, wataƙila dabbar ta saba kwanciya a tabarmar in ba kowa. Ya ba ni man shafawa, ya ce in tafasa kayanta, in ƙone tabarmar, sannan in je wurin likitan dabbobi da hoton.

Likitan dabbobin ya daɗe yana kallon wayar. Ya tambaye ni ko tana dalalar da miyau, ko tana cizon itace, ko tana tunkarar mutane. Na ce a'a.

"Ƙaiƙayi da ƙishirwa ne suka fito da ita," in ji shi. "Ni aikina shanu da awaki ne, amma maganin ɗaya ne."

Ya zuƙo ɗan kaɗan a sirinji uku, ya nuna mini yadda zan huda ƙwai in ɗura, sati-sati. Ya ja mini kunne kada kowa ya taɓa ta. In kuwa na ga miyau ko tangaɗi, in kira shi, kuma in bar dattijon ya yi abin da ya ce.

Da na dawo, Baba ya saurare ni har ƙarshe, ya ce ya yarda, amma da sharaɗin yana wurin. Ya ɗaure karensa, muka kulle kaji. Da rana ta take na ajiye ƙwan a kasko bayan danga, da ruwa a gefe, muka koma inuwar rumbu. Shi yana riƙe da fartanya, Inna tana jan carbi.

Mun fi awa guda kafin ta fito. Ta wuce kaskon ko kallonsa ba ta yi ba, ta nufo mu kai tsaye. Idanunta sun liƙe da ɓawo, ina jin inuwa kawai take nema. Baba ya miƙe ya ɗaga fartanya.

"Malam," Inna ta ce a hankali, "dubi bakinta tukuna."

Bakin a bushe yake. Hannun Baba yana sama. Dabbar ta tsaya, ta ɗaga hanci, ta ji warin mutane, sai ta ja da baya. A komawarta ne ta ci karo da kaskon. Ta fasa ƙwan ta lashe tas.

Sati na biyu ta ci. Ana cikin haka wari ya taso daga tudun, Baba ya tono 'ya'yanta biyu matattu, duk jikinsu ɓawo. Shi ya zuba musu kananzir ya ƙone su. A ranar ne kuma ya ɗaga kunnen karensa ya nuna mini, gefen ya fara cinyewa. Ya karɓi lambar likitan a wurina, ranar kasuwar Guci ya kai karen aka yi masa allura.

Ƙwai na uku ya kwana biyu a kasko ba a taɓa ba, har na fasa shi na binne. Inna ta ce ta mutu a rami. Ƙurajen ɗiyata sun bushe a cikin kwana goma, ni ma na yi nawa a damtse suka wuce.

Sai bayan ruwan shuka na uku, ina komowa daga gona gab da magariba, na hange ta a kan tudun. Wani ɗan gajeren gashi mai launin rairayi ya rufe mata baya, wutsiyar dai rabinta har yanzu fata ce. Tana jin motsina ta faɗa rami da gudu. Na shiga gida na faɗa wa Inna, ta aike ni in je in faɗa wa Baba. Na same shi yana ɗaure awaki. Ya ce to, Allah ya kyauta, amma in gaya wa Yaya ta toshe ramin dangarta. Da safe shi da kansa ya kawo ƙaya ya toshe.