Lissafin Kawu Ilu a Tsakiyar Tabki

Duk wanda ya san Kawu Ilu a Madarumfa ya san ba ya shiga gidan mutum ya fara da gaisuwa. Sallama kawai zai yi, ya zaro igiyar awo daga aljihu, ya nufi randa. Sai ya auna baki, ya auna zurfi, sannan ya juyo ya ce, "Ina kwananku? Litar sittin ce, in ba ta yoyo."

Mushen lakwal ne, wato malamin makaranta, shekara da shekaru, kuma ba abin da ya tsana irin lissafin cikin littafi. "Wai bahon wanka mai famfo biyu," in ji shi. "Wane yaro ne a garin nan ya taɓa ganin sa?" Shi nasa lissafin daga tulu, rumbu da bidon mai yake ciro shi.

Shekarar da lissafi ya kayar da ni a jarrabawar sartifika, Baba ya ce in na sake faɗuwa lakwal ta ƙare, sai ban ruwan tumatir a garka. Na yi kuka har na gode Allah. Kawu, yayan mahaifiyata, ya zo ya ce, "Ba ni ita."

Ashe wuya na tafi sha. Ranar farko ya sa na kwashe randar matarsa, Inna Hajo, da kwalbar litar guda, ina ƙirgawa ina juyewa a tano, babbar gangar ƙarfen nan. Tanon kuwa ya huje. Inna Hajo ta dawo daga barkar suna ta tarar da tsakar gida sharkaf.

"Malam, ruwan da na karya wuya na ɗebo?"

"Yi haƙuri, Hajo, yarinya ta gano amsa."

"To, sai ku dafa amsar ku ci."

Haka kuwa muka kwana da rogo da ƙuli.

Wata Lahadi ya saka ni jirgin wani masunci. Muna tsakiyar tabki ruwa ya fara ɓulɓulowa ta ƙasa. Masuncin ya miƙa wa Kawu ƙwarya, shi kuwa ya tsaya yana jujjuya ta.

"Rabi, ƙwaryar nan litar biyu ce. In ruwa na shigowa litar shida a minti, sau nawa za mu kwasa?"

"Mushe, don girman Allah kwashe!" in ji masunci.

"Bari ta ba da amsa tukuna."

Ruwa ya kawo mini idon sawu. Wallahi ban taɓa lissafi da sauri irin na ranar ba. Na ce uku.

"Uku me? Awaki?"

"Ƙwarya uku a minti, Kawu!"

Sannan ya fara kwasa. Masuncin ya rantse ko gwamna Kawu ya zama ba zai ƙara ɗaukar sa ba.

Na ci sartifika, Baba ya bar ni na ci gaba, har na zama ma'aikaciyar jinya. Bara da ciwo ya kwantar da Kawu, ni na ɗaura masa ƙarin ruwa da hannuna. Ya ƙura wa ledar ido, muryarsa da ƙyar take fita.

"Rabi, rabin litar ce ko? Za ta kai la'asar?"

Na duba ɗigon, na lissafa, na ce har magariba za ta kai.

Ya yi murmushi. "Daidai. Da an bar ki a garka, wa zai lissafa mini?"

Ruwan ya kai magariba, Kawu bai kai ba. Har yau ina kewarsa ƙwarai. Allah Ya jiƙan Kawu Ilu, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya shayar da shi daga Alkausara ba da awo ba. Amin.