Malam Hadi da Motar da Ya Hana Gudu

Ina kasuwar Babura Sani direba ya kira ni. Ya ce, "Isuhu, sai haƙuri. Malam Hadi ya cika kafin mu kai asibitin Kazaure." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ciwon ƙirji ne ya kama shi a ƙauyenmu na ƙasar Gwiwa, aka ɗauko shi a motar marasa lafiya ta ƙungiyar garinmu, wadda shi ya tayar da ita da hannunsa.

Zafin rashin bai sake ni ba, sai ga abin takaici. A wurin zaman makoki, carbi a hannu, wasu na raɗa cewa da bai hana motar gudu ba, da ta kai shi da rai. Masu faɗar haka ko murfin inji ba su taɓa ɗagawa ba.

Gareji ɗaya muka yi aiki da shi, don haka na san yadda aka yi. Ƙwaƙwalwar motar ce ta ƙone, ta asali kuma ba ta samuwa, sai ya sa mata wata daga Kano. Irin wannan ba ta san injin ba, sai an koya mata yawan iskar da turbo, wato na'urar ƙara wa inji ƙarfi, zai tura masa. Aikin mutum biyu ne. Ni nake tuƙi a hanyar Roni, shi yana gefe da kwamfuta a cinya, yana ƙara matsin iskar kaɗan kaɗan.

Wallahi ya wahalar da ni. Da sanyin safiya ba ya yarda a gwada, sai rana ta take. Ya sa mu loda buhunan gero madadin nauyin mutane, ya sa a zuba man bumburutu, wai shi motar za ta riƙa sha. Ya ce, "Taka totur." Ina takawa ya ce, "Saki, na ji ƙara." Ni ban ji komai ba. Na ce, "Haba Malam, motar nan tana da ƙarfi, ka sake ta mana." Ya ce, "Isuhu, ba tsere za ta je ba. In ta yi nokin a daji da mai naƙuda a ciki, kai za ka goya ta?"

Da ya gama, ya sa mata iyaka: in iska ta wuce kima, ƙwaƙwalwar ta rage da kanta, komai takun direba. Tun daga ranar motar ba ta taɓa tsayawa da mara lafiya a hanya ba.

Bayan sadakar uku shugaban ƙungiya ya same ni, ya ce in cire iyakar. Kafin in amsa na tambayi Sani abin da marigayin ya ce a hanya. Ya ce da ya ji ana matsa wa motar, sai ya ɗago hannu da ƙyar ya ce, "Bi ta a hankali, akwai na bayana da za ta ɗauka." Na koma na ce wa shugaba, "Ranka ya daɗe, sai dai ku nemi wani bakanike."

Allah ya jiƙan Malam Hadi, ya yafe masa kurakuransa, ya sa Aljanna makomarsa. Allah ya raya marayunsa, ya ba matarsa Malama Rabi haƙurin rashinsa, da haƙurin abin da kunnenta ke ji.