Baiti Huɗu na Malam Habu

A gidanmu na unguwar Kabara, da an idar da sallar Isha sai Inna, kakata ta wajen uba, ta jawo kaskon wuta gabanta, mu kuma mu kewaye ta kamar 'yan tsaki, ta yi mana tatsuniya. Ranar Alhamis ce kawai ba a tatsuniya. Gidan rediyon FM na garinmu, da ya saba kiɗa safe da yamma, yakan ware rabin awa don waƙoƙin bege, a nan ake sako muryar kakanmu Malam Habu mai bandiri, wanda ya rasu tun ba a haife ni ba. Ko tari Inna ba ta yarda a yi sai ya kai ƙarshe. Faifan guda ɗaya ne tak, yana ɗakin ajiyar tashar, inda Baba Sani, ƙanin mahaifina, yake aiki.

Shekarar da soja suka miƙa mulki, waƙoƙin siyasa suka yi wa tashar yawa, sabon faifai ya yi wuya. Sai aka ce a riƙa goge tsofaffi ana ɗaukar sababbi a kansu. Takardar da ke jikin na Malam kuwa gara ta daɗe da cinye ta. Baba Sani da hannunsa ya ɗora shi a na'ura, bai tsaya ya saurara ba.

Alhamis biyu ba a sako Malam ba. A ta uku ya shigo ya durƙusa, idonsa jajur.

"Inna, ni na goge Malam."

Ta daɗe tana juya garwashi. "Allah ya ƙaddara. Zauna cikin yara, Sani, yau har da kai."

Ta ba mu labarin wata kanari da ta gaji waƙa wajen uwarta. Don gudun mantuwa ta zuba waƙar a tulu, ta kai wa maƙwabciya ajiya. Da 'ya'yanta suka ce ta koya musu, sai ta ce, "Saurin me kuke? Tana nan a tulu." Ran nan tulu ya faɗi a hannun maƙwabciya, ya fashe. Ita ta tsufa, 'ya'yan kuma ban da tsuwwa ba abin da bakinsu ya iya.

"To wa ya ɓatar da waƙa?" in ji Inna.

Muka haɗa baki, "Maƙwabciya!"

"Ku dai yara ne. Uwar ce."

Sai ta gyara zama ta fara rera begen Malam, abin da ba mu taɓa jin ta yi ba. Ta yi baiti huɗu. A na biyar ta tsaya, ta koma baya, ta sake tsayawa. Ranar na fara ganin hawayenta, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Da ina tsammanin ta yi tatsuniyar ne don ta sanyaya wa ɗanta zuciya. Sai da na girma na gane kanta take tuhuma. Yanzu ni ke rera wa 'ya'yana baitocin nan huɗu. Duk sanda na kai ƙarshe, autata takan ce, "Umma, ci gaba mana." Ni kuwa iyakar abin da ya iso gare ni ke nan.