Ranar Da Kawu Ya Tace Mini Ruwan Teku

Ko a kabari aka tashe ni, ba zan manta da abin da Kawu ya yi mini ba. Har yau in na tuna sai zuciyata ta yi zafi.

Bayan samun 'yancin kai, ina koyarwa a Tambuwal, aka tura mu kwas Ikko. Ɗalibaina ba wanda ya taɓa ganin teku, sai na yi musu alkawarin kawo musu kifinta da ransa. Wahalar da na sha a jirgin ƙasa da mota, rungume da garwar ruwan gishiri, Allah kaɗai ya sani. Na iso da 'yan kifayena lafiya, na zuba su a akwatin gilashi kafin a koma makaranta.

Kashin kifi da ragowar abinci suka soma ɓata ruwan, gansakuka ta kama gilashin. Na huda tukunya, na shimfiɗa yashi da gawayi, kullum da safe in tace ruwan in mayar. Yana tsabtacewa, amma a hankali.

Sai ga Kawu, yayan mahaifiyata, ya zo daga Kebbe. Ya leƙa ya taɓe baki.

"Kai ɗan nan, mi kaka yi da gawayi? Alif aka sa ma ruwa. Da shi nika shan ruwan tabki tun ba a haife ka ba."

Na ce, "Kawu, don Allah a bar shi. Wannan ba randa ba ce."

Ana gobe komawa makaranta na tafi suna Dogon Daji. Da na dawo, ruwa garau kamar na rijiya, kifayena kuwa duk sun juya ciki sama. Kawu na kan tabarma yana murmushi.

"Ka gani? Tas!"

Ashe alif ya zuba a ruwan bayan fitata. Da wani ne, da unguwa ta ji mu. Amma kawu ne, sai na ciji leɓe na ce, "Sannu da aiki." Wai har Kawu yana cewa kifayen ne ba su da ƙwari!

Washegari yara suka taru suna ɗokin ganin teku. Na ajiye musu gilashin ruwa mai sheƙi, ba ko rai ɗaya a ciki.

Tun ranar na gane, abin da ke gyara ruwan sha ba lallai ya gyara ruwan zama ba. Kuma in mai ƙaunarka ya rantse ya fi ka sanin kayanka, kulle ɗakinka kafin ka fita.