Matar da Take Shafe Tudun Titi da Farar Ƙasa

Akwai mugun hali na raina aikin da ba a san amfaninsa ba, kuma a ƙauyenmu an biya kuɗinsa da tsada. Saboda haka ake wannan rubutu, don Doña Eufrosina ta ji godiya da kunnenta tun tana raye.

Tun asuba take tashi ta niƙa masarar da ta dafa da farar ƙasa, ta gasa tortiya, wato gurasar masara, ta kai bakin titin da ke gangarawa birnin Oaxaca. Idan an kwana ana ruwa, kafin ta zauna sai ta kwaɓa ragowar farar ƙasa a bokiti, ta ɗauki tsohuwar tsintsiya, ta shafe tudun rage gudu guda biyar da mutanen gari suka gina da hannunsu. Ba wanda ya sa ta. Wasu sun ɗauka aikin hukuma ne, sauran kuwa ba su taɓa tambayar kansu ba.

Wata safiya Don Melquíades, mai motocin haya uku, ya wuce kan shafen bai bushe ba, farin ya fantsama a jikin motar da ya sake wa fenti. Ya fito ya zazzaga mata masifa a gaban masu saye, ya ce tsohuwa ta rasa aikin yi. Ta mayar da bokitin gida, ba ta sake fitowa da shi ba.

Damina ta wanke tuddan, suka koma launin kwalta. Da sassafe, lokacin da gajimare ke kwanciya a kan hanya, direba ba ya ganinsu sai ya ji kan fasinja ya daki rufi.

Daga nan gari ya rikice. Shokozobar da ake shekara uku da ita ta koma zubar da mai cikin wata biyu. Bakanike Abundio ya ce kayan ne na jabu. Mai sayar da kayan ya rantse cewa Abundio ne bai iya ɗaurawa ba. Har an kai wata mota coci an yayyafa mata ruwan albarka, ta dawo tana tsalle kamar ɗan akuya.

Wanda abin ya fi ci shi ne Nicanor, direban Don Melquíades, mai 'ya'ya huɗu. Kowane canjin shokozoba peso dubu uku ne, kuma daga ladansa maigidan ke cirewa, wai tuƙin hauka yake yi. An gaya masa idan aka sake, ya ajiye makulli. Nicanor ya rage lodi, ya rage iskar taya, ya daina ɗaukar buhunan kofi. Hanyar da ya haddace ce, motar ita ce, hannunsa bai canja ba, amma kullum sai ya tsinci kansa a kan tudu kafin ya taka birki. Har ya fara zargin idanunsa.

Rannan ya tsaya sayen tortiya wurin Doña Eufrosina yana ba ta labari kamar zai yi kuka. Ta naɗe masa a tsumma, ta ce, "To ya motar maigidan naka, ɗan nan? Ai dai fentin yana nan tsaf?"

"Inna, ina maganar abincin yarana, kina tambayar fenti?"

"Fentin ai shi ne babba. Haka aka gaya mini."

Bai gane ba. Sai da wata mota ta zo ta faɗa tudun da ke gabansu, ta yi ƙara, ya juya ya ga baƙi ne ƙirin. Ya daɗe yana kallo. Ya tambaye ta wa ke shafawa da, ta ce wata tsohuwa ce da ta rasa aikin yi.

A ranar, da Nicanor ya gane masifar maigidansa ce ta sa ta daina shafen, ya ajiye makullin da kansa, ya koma tuƙa wa wani. Washegari shi ya riƙe mata bokitin. Da aka matsa mata da tambayar abin da ya sa ta fara tun farko, cewa ta yi ƙarar faɗuwar mota tana shigar mata haƙori. Har yau an rasa yadda gari guda mai idanu ya wuce ta shekara da shekaru bai gani ba.

Doña Eufrosina, ke ce kika tsare mana ƙafafun motoci ba ki taɓa riƙe sitiyari ba. Yanzu gwiwa ta hana ki sunkuyo, direbobi suna karɓa-karɓa, kuma shafensu bai kai naki ba. Mun gode. Matasa, ku duba unguwarku, ku gano wanda ke yin abin da kuke zaton yana yin kansa, ku gaishe shi, ku kama masa.

Don Melquíades kuwa bai ba da haƙuri ba. A daminar nan guda ya canja shokozoba goma sha huɗu, ya rasa direban da ya fi kowa kawo masa ciniki, ya sayar da mota ɗaya don ya gyara biyu.