Akwatin da Ba Ya Cewa Wayyo

Daga Kalgo har Gwandu, ba a haifi wanda ya fi ni iya kiwon na'ura ba. In na yi tari a ɗakin kwamfuta, janareto ma sai ya gyara murya.

Ofishinmu ya yi shekaru yana bin ƙauyuka, su Dodoru da Malisa, yana naɗar muryoyin tsofaffi. Yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Cikinsu har da innata, tana waƙar niƙa tana tsawata wa akuya, kuma ba wani wurin da muryarta ta saura sai nan. Duka muryoyin aka zuba su cikin wani baƙin akwati mai nauyin ɗan maraƙi, cike da faya-fayan ajiya, a liƙe ruf. Wanda ya kawo shi ya ce kada a buɗe. In faifai ɗaya ya mutu, akwatin da kansa zai kwashe kayan ya mayar kan wani da ke jiran ko-ta-kwana.

Muka so shi ƙwarai, don halin mutanenmu gare shi, ba raki. Kowace safiya allon akwatin ya nuna kore, alamar lafiya, in ce da abokan aiki, "Dattijo ya ce lafiya lau." A gida kuwa na san tsoho in ya ce lafiya lau, sai ka zauna ka dubi idonsa, ka leƙa kwanon tuwonsa. Akwati dai ko sau ɗaya ban tsananta masa tambaya ba.

Wata damina ya fara wani ɗan gurnani da rana tsaka, ya yi shiru, ya sake. Iskar da ke fita bayansa ta ƙara ɗumi. Kore dai na nan. Na ce zikiri yake yi, aka yi dariya, amma na daina cin abinci a ɗakin.

Sai aka turo wata injiniya, sa'ar 'yata. Ta jona kwamfutarta, ta shiga wani shafi can ciki, ta yi ta dubawa.

"'Yata, mi kika gani?"

"Kawu, 'yan ko-ta-kwanan sun ƙare tuni. Yanzu haka wani faifan na tangaɗi. In ya faɗi kafin mu kwashe muryoyin zuwa wani wuri, shi ke nan."

"Har da innata?"

"Har da kowa. Kada ka bari wuta ta ƙifta."

Ta ce kwashewar za ta ci kwanaki, ga hadari ya haɗo daga gabas. Na tsaya bakin janareto da jarkar mai. Don in ƙarfafa zuciyata na ce mata ai da ba don kulawata ba, da bai kai yau ba.

Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Kawu, shi ya yi ta jinyar kansa. Kai ɗan dubiya ne kawai, wanda ko fura bai taɓa kawowa ba."